Ƙurar Farar Ƙasa a Wani Ƙauyen Ƙanƙara: Nazarin Rumfar Niƙa Ɗaya da Huhun Mutum Ɗaya

Wata 6 cur ɗan yayata ya yi yana shan maganin tarin fuka, bai tsallake ko rana ɗaya ba, domin matarsa ce ke riƙe da katin. Da aka sake gwada kakinsa aka ce ƙwayar cutar ta tafi. Zazzaɓin dare ya ɗauke, ya ɗan murmure, tarin ma ya ragu. Numfashin ne ya ƙi dawowa. Mutumin da a da yake saɓa buhu ya hau da shi bayan tifa, yanzu tsakanin gida da masallaci sai ya tsaya sau biyu ya dafa bango. Uwarsa ta aiko mani da shi Katsina, saboda ni ne na yi aikin duba-gari a gidanmu, duk wani ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa wurina ake turo shi.

A asibitin da na kai shi aka sake ɗaukar hoton ƙirji. Likitar ta daɗe tana duban hoton, sannan ta yi masa tambayar da duk tsawon jinyarsa ba wanda ya yi masa: mece ce sana'arka? Ya ce niƙan farar ƙasa. Shekara nawa? Ya ce 11. Ta nuna mana ɗige-ɗige kamar an watsa gero a saman huhun nan biyu, ta ce tarin fuka dai gaskiya ne ya yi shi, amma a kan wani ciwon ya sauka, ciwon da ƙurar yashi ke sa wa huhu, wanda likitoci ke kira silikosis. Ba shi da magani. Abin da za a iya yi kawai shi ne a raba shi da ƙurar, a kuma riƙa sa ido kada tarin fukan ya dawo.

A mota ya ce mani, "Kawu, farar ƙasa fa ce. Mata masu ciki har cin ta suke yi. Ita ce za ta kashe mutum?"

Wannan tambayar ce ta kai ni ƙauyensu, a yankin Ƙanƙara. Na sakaya sunan ƙauyen da na mai injin, don ba tonon silili ya kai ni ba.

Abin da na tarar

Farar ƙasar Ƙanƙara sananniya ce a duk ƙasar nan. Asalinta dutse ne da ruwa da zamani suka ruɓar, wani sashensa ya koma laka fara mai laushi, wani sashen kuma ya ƙi ruɓewa. Wanda ya ƙi ɗin nan shi ne tsakuwar dutsen ƙanƙara, mai suna ɗaya da garin, da kuma wani ɓarɓashi mai ƙyalli da yake manne wa tafin hannu. Don haka abin da mai diga yake fitowa da shi daga rami gauraye ne: laka da yashi.

A wurin da na je, 'yan haƙa suna tono su shanya curarrukan a rana, masu baro su kai rumfar inji. Injin irin mai guduma ne, yana farfasa busasshiyar ƙasar ya mai da ita gari, a tankaɗe, a ɗura a buhu, a ɗinke. Rumfar kwano ce, an toshe ta ta gefe uku da buhuna da tsofaffin langa-langa. Da na tambayi dalili, sai aka ce iska tana kwashe kaya. Wato an rufe rumfar ne don kada gari ya tsere, aka rufe shi tare da mutum huɗu. In injin na aiki, daga bakin ƙofa ba ka iya gane fuskar mai ɗura. Kowa fari fat har gira, sun ɗaure hanci da rawani ko tsohuwar riga. Da yamma kuma a sa tsintsiya a share ƙasa, ƙurar da ta kwanta ta sake tashi, mata biyu tsofaffi su kwashe abin da aka share su sayar wa masu shafen ɗaki.

Ƙurar da ido ke gani ba ita ce babbar matsala ba, wannan hanci da maƙogwaro suna tare yawancinta, mutum ya kakkato ya tofar. Wadda ke isa can ƙarshen huhu ƙasa take da maikuron 10 (maikuron ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita), alhali silin gashin kai yana kai kaurin maikuron 50 zuwa 100. Rawani ba ya tare ta. In ɓarɓashin ƙanƙara mai wannan ƙanƙanta ya shiga, jiki yakan tura dakarunsa su haɗiye shi, su kasa narkar da shi, su mutu, wurin ya zama tabo. Tabo kan tabo har huhu ya sandare. Sabon fasasshen dutse ya fi tsohon yashi illa, injin guduma kuwa sabon fashi yake yi kullum. Galibi sai an shekara 10 ko fiye kafin ciwon ya bayyana, in ƙurar ta yi yawa ya zo da wuri, kuma yana iya ci gaba ko bayan mutum ya bar aikin. Huhun da ya yi wannan tabon ya fi saurin kamuwa da tarin fuka ƙwarai. Nan ne rikicin yake: a ga tarin fuka, a magance shi, a sallami mutum ya koma rumfa.

Na nemi kwalbar lemo da ruwa, na zuba tafi ɗaya na garin da ke cikin buhu, na girgiza na ajiye a gaban mai injin. Kafin minti ɗaya yashi ya kwanta a gindin kwalbar, sama kuma ruwa fari kamar nono, wanda sai bayan sa'o'i ya fara kwanciya. Na ce, "Alhaji, na ƙasan nan shi ne ya kwantar da yaron."

Ya juya kwalbar, ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, na ƙasan nan ma kuɗi ne. Buhu ake saye a hannuna, ba a tambayata abin da ke ciki."

Gaskiyarsa. Mafi yawan kayansa masu haɗa takin zamani ke kwashewa, su kuwa ciko suke nema, nauyi da arha. Yashi bai dame su ba.

Abin da bincike ya riga ya sani

Ba sabon ilmi ba ne. A Amurka, bayan fashewar mahaƙar kwal ta Monongah a watan Disamba na 1907, inda mutum 362 suka mutu, gwamnati ta kafa Hukumar Ma'adinai a 1910, aikinta bincike. Ta haƙa mahaƙar gwaji tata ta kanta, ta nuna wa masu kamfanoni ƙiri-ƙiri cewa ƙurar kwal ita kaɗai tana iya fashewa, ta kuma yaɗa dabarar watsa garin dutse a cikin ramuka don kashe wutar. Daga baya aka juya kan ƙurar da ke cin huhu, har aka yi dokar 1969 da ta ƙayyade yawan ƙurar da mahaƙin kwal zai shaƙa. An rufe hukumar a 1996, binciken lafiyar mahaƙa ya koma hannun cibiyar NIOSH, wadda ita ce ke tantance takunkumin N95 da muka sani lokacin korona. Abin da shekarun nan duka suka tsayar gajere ne: a kashe ƙura a inda take tashi, da ruwa ko da iska mai janye ta. Takunkumi shi ne na ƙarshe a layi, domin ya dogara da halin ɗan Adam da zafin rana.

Na kusa da mu ya fi wannan ciwo. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara, maƙwabtanmu na yamma. Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta fara ankara, masu bincike daga hukumar CDC ta gwamnatin Amurka suka zo tare da jami'an lafiya na Najeriya, aka gano tushen: niƙan busasshen dutsen zinariya a cikin gidaje, da injin niƙan hatsi. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu. A can ne aka gwada fesa ruwa a bakin injinan niƙa, kuma sakamakon da aka buga a 2019 ya nuna dalmar da ke cikin iska ta ragu da kashi 95 cikin 100, ƙurar ƙanƙara kuma da kashi 80. Da ruwa kawai da bututu.

Na tafi da wannan labarin ina ganin na kawo maganin abin. Mai injin ya bar ni na gama, ya sa yaro ya yayyafa ruwa a kan ƙasar da ake ɗurawa. Cikin ɗan lokaci rariyar injin ta toshe, ƙasar ta zama kirtif ta liƙe a gudumomin, sai da aka kashe aka kwance aka kankare. Dutsen zinariya in ya jiƙa yana nan dutse. Laka in ta jiƙa danƙo ce. Na sha kunya a gaban lebura, kuma na cancanta, domin na ɗauko maganin wani ciwo na shafa wa wani.

Farar ƙasa ba ta son rabin ruwa. Ko a bar ta busasshiya, ko a nutsar da ita gaba ɗaya. Hanya ta biyun ita ce wankin ƙasa: a jiƙa curarrukan a kwami, a dama har su narke, a bar yashi ya kwanta, a tsiyaye farin ruwan ta rariya mai laushi zuwa wani kwamin, a bar lakar ta kwanta, a mayar da ruwan sama wurin jiƙo, a kwashe lakar a shanya. Ƙwayar lakar ƙanana ce ƙwarai, da yawa ba su kai maikuron 2 ba, shi ya sa suke daɗewa a ruwa yashi ya riga su ƙasa. Abin da kwalbar lemo ta nuna ke nan. Ƙanƙarar da ke tabon huhu tana fita a jiƙe, ba ta taɓa shiga inji ba. Kuma wankakkiyar ƙasa ita masu fenti da alli da tangaran suke so, ita ce mai tsada. Aikin da ke ƙara wa kayan daraja shi ne dai yake kare mai aikin.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wannan hanyar ba baƙuwa ba ce ga masu bincikenmu. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya an yi shekaru ana nazarin farar ƙasar Ƙanƙara da sunanta: yadda za a fitar da alif ɗin tace ruwa daga cikinta, yadda za a sarrafa ta ta zama sinadarin da matatun mai ke amfani da shi. Wanda ya karanta irin waɗannan rubuce-rubucen zai ga sukan fara da layi biyu ko uku: an samo ƙasa daga Ƙanƙara, an jiƙa, an tace, an shanya. Sannan a shiga ainihin binciken. Layi ukun da masani ke wucewa a guje don ya kai ga abin da zai ba shi digiri, su ne duk abin da mutanen rumfar nan suke buƙata. Muna da hukumar binciken ƙasa da ma'adinai wadda asalinta ya koma 1919, da manyan ɗakunan gwajinta a Kaduna. Muna da cibiyar binciken sarrafa ma'adinai da ƙarafa a Jos, da majalisar binciken albarkatun masana'antu da aka kafa a 1987. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Ba ina cewa ba sa aiki ba ne. Aikin da Turanci yake, a takarda yake, kuma an auna shi da buƙatar masana'anta, ba da aljihun mai inji ɗaya da ke sayen ruwa a jarka ba.

Gwajin da muka yi

Mai injin ya yarda a gwada, ba don huɗubata ba. Wani dillali da ke kai wa masu fenti kaya a Kano ya taɓa ce masa in da wankakkiya ce zai ƙara kuɗi. Aka gina kwami 3 na bulo da siminti a gangare, kowanne ƙasa da na gabansa, don ruwa ya gangara da kansa. Sai da aka ɓata jiƙo da dama kafin a gane kaurin damun. In ya yi kauri yashi ba ya kwanciya, ya bi laka ya wuce. In ya yi ruwa-ruwa a kwana ana jiran laka kaɗan. Wani tsohon magini a ƙauyen, wanda ya saba da laka tun yana yaro, shi ya daidaita shi da ido: ya ce a dama kamar kokon da za a ba mai jego, ba kamar kunun kanwa ba.

Kayan da ya fito ya yi kyau. Fari tas, in ka murza tsakanin yatsu ba ka jin kaushi, in ka sa a haƙori ba ya ƙaras-ƙaras. Dillalin ya saya, ya kuma biya fiye da kuɗin ɗanya.

Matsalolin kuwa suka zo ɗaya bayan ɗaya. Ta farko ruwa. Da rani, lokacin da laka ke bushewa da sauri, rijiyoyin ƙauyen sun ja baya, sai an saya wurin 'yan garuwa, kuma ko ana mayar da ruwan jiƙo, rana da jiƙaƙƙiyar laka suna shanye rabonsu. Da damina ruwa kyauta ne, amma laka ta ƙi bushewa, ramukan haƙa su cika, bakinsu ya yi laushi. Haƙan ƙarƙashin gaɓa da 'yan haƙa ke yi, suna bin farar jijiya suna barin jar ƙasa a rataye a kansu, a wannan lokacin ne yake ruftawa, don haka masu hankalinsu sukan koma gona. Lokacin ruwa daban, lokacin aiki daban.

Ta biyu ita ce ta fi ƙarfi, kuma ban hango ta ba: jinkiri. Busasshen niƙa, a tono da safe a ɗinke buhu da yamma, lebura ya karɓi kuɗinsa a kan kowane buhu ya sayi awo. Wanki yana cin kwanaki tsakanin jiƙo da bushewa. Wa zai ciyar da lebura a kwanakin? Mai injin ba shi da jarin da zai riƙe su. Ga kuma ragin nauyi, tunda yashin da a da ake sayarwa a buhu yanzu tsibi ne a bayan kwami. Ɗaya daga cikin leburorin ya ce mani, ba da wasa ba, "Baba, ciwon nan naka sai bayan shekara goma. Yunwa kuwa yau da dare ce."

Na kawo takunkumin N95 kwali ɗaya daga Katsina. Kwana biyu suka yi da su. A zafin rumfar kwano, zufa da garin laka suna haɗuwa su toshe shi kafin azahar, mutum ya ji kamar an shaƙe shi. Masu gemu kuma ba ya zama masu daidai, ƙura ta bi gefe. Na ga ɗaya an rataye shi a ƙusa, an zuba goro a ciki.

Dole in faɗi wani abu da bai yi wa hujjata daɗi ba. Wankin bai kawar da ƙura duka ba, domin busasshiyar lakar sai an sake farfasa ta kafin a ɗura, kuma ƙurar farar ƙasa ita kanta in an shekara ana shaƙa da yawa tana taɓa huhu. Abin da ya ragu sosai shi ne ƙanƙarar, wadda ita ce mugun.

Inda doka ta tsaya

Ma'adinai a Najeriya na gwamnatin tarayya ne, tsarin mulki ya ce haka, jiha ba ta ba da lasisi. Dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi sashen masu duba mahaƙai, ta kuma ɗora wa ma'aikatar ma'adinai alhakin kai wa ƙananan mahaƙa taimakon ƙwararru, har da gwajin ma'adini da horo kan lafiya da kariya, amma ga waɗanda suka yi rajistar ƙungiyar gama-kai. Muka fara tattara sunaye. Da aka bincika sai aka tarar filin da suke haƙa tun iyayensu yana cikin lasisin wani kamfani da ba wanda ya taɓa ganin ko motarsa a ƙauyen. Nan maganar ta tsaya. Mutanen ma suka fara ɗari-ɗari da rubuta suna, tun da aka kafa dakarun tsaron ma'adinai a 2024 duk wanda ba shi da takarda yana ganin rajista tarko ce. Ga matsalar tsaro da ta addabi yankin, wadda ta sa jami'in da ke zaune a Katsina sai ya yi dogon tunani kafin ya bi hanyar Dutsin-Ma ya gangara wajen.

Akwai kuma dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda ta lissafa ciwon huhu na ƙura cikin cututtukan da aiki ke jawowa. A Afirka ta Kudu, mahaƙan zinariya masu irin wannan ciwon sun kai kamfanoni kotu, a 2018 aka sasanta a kan rand biliyan 5. Su suna da katin aiki da lambar albashi. Ɗan yayata shekara 11 ya yi ba takarda ko ɗaya da ta nuna ya taɓa shiga rumfar nan. Shaidarsa hoton ƙirjinsa ne kawai.

Halin da ake ciki

Na koma kafin azumin da ya wuce. Kwamin nan 3 suna nan, amma ana cika su ne kawai in dillalin Kano ya aiko da kuɗin kafin alƙalami. Sauran lokaci busasshen niƙa ake yi, don masu taki. An cire bango biyu na rumfar, an juya bakin injin yadda iska za ta ɗauke ƙurar ta yi daji da ita, mai ɗura yana tsayawa ta inda iskar ke fitowa. Mai injin yana mitar asarar garin, amma bai mayar da bangon ba. An daina shara da busasshiyar tsintsiya, sai an yayyafa ruwa a kwashe da shebur, abin da ya sa tsofaffin matan nan biyu ba sa gaishe ni, domin jiƙaƙƙen shara ba ya sayuwa. Mutum biyu daga cikin tsofaffin ma'aikatan sun yarda sun je an yi masu hoton ƙirji, sun kuma faɗa wa likita sana'arsu tun kafin a tambaye su. Na uku ya ce shi ba ya son ya sani.

Ɗan yayata yana zaune ƙarƙashin dalbejiya can nesa da rumfar, da littafi da biro, yana ƙirga buhunan da ake lodawa. Mai injin ne ya ba shi aikin, kuɗin bai kai na da ba. Kwalbar lemon tana kan tagar ɗakin mai gadi, ruwan ya ƙafe, yashin da lakar sun bushe hawa biyu. Da na leƙa rumfar don in ga wa aka sa a bakin injin, sai na ga ƙanensa ne, ɗan shekara 19, da rawanin wan nasa ɗaure a hanci.